Jayson Tatum a Olamfik ta Paris 2024: Tambayoyi da Amsoshi Kan Abin da Ya Hana Shi Haskawa

Tun da aka tashi daga gasar Olamfik ta Paris a watan Agustan 2024, masu bibiyar ƙwallon kwando ba su daina musu kan Jayson Tatum ba, ɗan wasan tawagar Amurka da bai haskaka a gasar ba, har aka ajiye shi a benci a wasa biyu. Wasu na ɗora laifin a kan koci, wasu a kan ɗan wasan, wasu kuma na cewa ƙa'idojin FIBA, hukumar ƙwallon kwando ta duniya, ne suka ɗaure masa hannu. Ga tambayoyin da suka fi yawan dawowa, da amsoshinsu.

Wane ne Jayson Tatum, kuma me ya sa maganarsa ta yi zafi haka?

Tatum ɗan wasan Boston Celtics ne, haifaffen 1998, tsayinsa kusan mita 2.03. A kakar 2023/24 yana cin maki 26.9 a kowane wasa, kuma sau uku a jere, 2022 da 2023 da 2024, ana saka shi cikin 'yan wasa biyar mafiya ƙwarewa a NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka. Ranar 17 ga Yunin 2024 Boston ta doke Dallas Mavericks ta ɗauki kofinta na 18, kuma a wannan wasan na ƙarshe Tatum ya ci maki 31. Makonni kaɗan bayan haka ya sa hannu a kwantiragin shekara biyar na kusan dala miliyan 314, wanda a lokacin babu irinsa a tarihin gasar.

Wannan mutumin ne aka gani zaune a benci da rigar ɗumama jiki, daga fara wasa har tashi, sau biyu a gasa ɗaya. Da wani matashi ne da aka ɗauko don cike gurbi, babu wanda zai ɗaga kai. Amma zakaran da bai yi wata biyu da ɗaga kofi ba, dole mutane su tambaya.

Me ya faru a Paris, wasa bayan wasa?

Amurka ta buga wasa shida ta ci duka. A rukuni, wanda aka yi a Lille, ta doke Sabiya 110 da 84 ranar 28 ga Yuli, Tatum bai taka filin ba. Ta doke Sudan ta Kudu 103 da 86, an fara da shi, ya ci maki 4. Ta doke Puerto Rico 104 da 83, nan ne ya fi taɓuka abu: maki 10, ya kuma cafke ƙwallo 10 da suka dawo daga kwando.

Da aka koma Paris zagayen sili ɗaya ƙwale, Amurka ta lallasa Brazil 122 da 87, ya ci maki 5. A wasan kusa da na ƙarshe aka sake haɗuwa da Sabiya, aka sha da ƙyar 95 da 91, nan ma bai shiga ba. A wasan ƙarshe da Faransa ranar 10 ga Agusta, 98 da 87, ya yi minti 11 ya ci maki 2. Jimilla maki 21 a wasa huɗu, kuma ko jifan maki uku guda ɗaya bai shigar ba a duk gasar.

Me ya sa kocin Amurka, Steve Kerr, ya ajiye shi a wasan farko da Sabiya?

Saboda yadda Sabiya take. Ginshiƙinta Nikola Jokić ne, kuma Kerr ya ƙudurta ba zai bar shi ya huta ba, don haka ya riƙa jefa masa dogaye uku bi da bi: Joel Embiid, Anthony Davis da Bam Adebayo, wani lokacin biyu a fili tare. A waje kuma Sabiya na da masu riƙe ƙwallo da suka iya jifa daga nesa, irin su Bogdan Bogdanović da Vasilije Micić, waɗanda ke buƙatar masu tsaro masu saurin ƙafa da za su bi su ta bayan kowane shinge, wato abokin wasa da ke tsayawa ya tare wa mai tsaro hanya. Wannan aikin Jrue Holiday da Derrick White da Devin Booker ne. Abin da ya rage shi ne gurbin ɗan gefe, inda Tatum ke bugawa, kuma a nan akwai LeBron James da Kevin Durant.

Durant bai buga ko ɗaya daga cikin wasannin sada zumunta biyar da aka yi kafin gasar ba saboda ciwon sha-raɓa, kuma a wannan lokacin Tatum na samun mintunansa. Ranar da Durant ya dawo, jifansa takwas na farko duk sun shiga, ya tashi da maki 23. Babu kocin da zai cire mutum a irin wannan hali. Kerr da kansa ya faɗa wa 'yan jarida washegari cewa ya ji kamar ya yi wauta da bai saka Tatum ba, kuma ya ce ya sanar da shi tun kafin wasan cewa hakan na iya faruwa. Ya yi alƙawarin saka shi a wasa na gaba, ya cika, a ranar kuma Embiid ne ya zauna.

Mene ne "lissafin mintuna" da ake ta ambato?

Wasan FIBA zango huɗu ne, kowanne minti 10, wato minti 40. Mutum biyar ne a fili, don haka abin da koci ke da shi na rabawa minti 200 ne. A NBA zangon minti 12 ne, wasa minti 48, abin rabo minti 240. Tun kafin a jefa ƙwallo sama an riga an zabtare minti 40, wanda ya fi abin da Tatum ke bugawa a dare ɗaya a kakar wasa ta yau da kullum.

Raba 200 gida 12, kowa zai samu minti 16 da daƙiƙa 40. Babu ƙungiyar da ke neman zinare da za ta yi rabo daidai wa daida. Idan wasa ya yi tsauri, manya uku za su haura minti 25 ko 30 kowanne, dogayen tsakiya su cinye aƙalla 40, masu tsaron waje su kwashi nasu. Abin da ya rage ba ya isar mutum goma sha biyu. Kociyoyi da yawa sun fi yarda da juya mutum tara ko goma, domin wanda aka ba minti biyar jikinsa bai gama ɗumi ba za a cire shi, kuma ya katse wa wani nasa zaren. Tyrese Haliburton, wanda ya fi kowa ba da ƙwallon da aka ci a NBA a wannan kakar, ya fi Tatum shan benci a Paris. Kafin wasan ƙarshe Kerr ya kira lamarin matsalar lissafi, kuma ta wannan fuskar gaskiya ya faɗa.

Waɗanne ƙa'idoji ne suka bambanta tsakanin NBA da FIBA?

Bayan tsawon wasa, akwai girman fili: na FIBA mita 28 ne da 15, na NBA mita 28.65 da 15.24. Layin maki uku a FIBA mita 6.75 ne daga tsakiyar kwando, a NBA 7.24, bambancin santimita 49. A kusurwa bambancin bai wuce santimita 10 da ɗoriya ba. Laifi biyar ke fitar da ɗan wasa a FIBA, shida a NBA, kuma a FIBA laifin rashin ɗa'a ga alƙalin wasa yana shiga cikin biyar ɗin. Da zarar ƙwallo ta taɓa zoben kwando, a FIBA kowa na iya doke ta ko tana yawo a bakin zoben, abin da NBA ta haramta. Hutun shawara a FIBA biyar ne kawai, biyu kafin hutun rabin lokaci, uku bayansa, kuma koci ne ke nema daga teburin alƙalai. Ɗan wasan da aka ritsa da shi a kusurwa ba shi da ikon tsayar da wasa ya ceci kansa.

Akwai kuma abin da ba a rubuta ba, wato hannun alƙalai. A FIBA ana barin gogayyar jiki sosai. Ɗan turi da riƙon da za a busa a NBA a ba tauraro jifan kyauta biyu, a nan sau da yawa sai a ce a ci gaba. Ɗan wasan da ya saba tara maki shida ko bakwai daga layin jifan kyauta a kowane dare yakan nemi wannan kason ya rasa. Amma ƙa'idar da ta fi kowacce tasiri ita ce ta daƙiƙa uku, wadda ke da tata amsar a ƙasa.

Yaya dokar daƙiƙa uku take canza wasan tauraro?

A NBA, mai tsaro ba shi da damar tsayawa cikin akwatin da ke ƙarƙashin kwando fiye da daƙiƙa uku in ba yana gadin wani kusa da shi ba. Dole ya fita ya dawo. Saboda haka a kakar 2023/24, idan Tatum ya karɓi ƙwallo a saman layi a Boston, ga abin da yake gani: abokan wasansa huɗu sun bazu a bayan layin maki uku, har da dogonsu, Al Horford ko Kristaps Porziņģis, wanda shi ma ya iya jifa daga nesa. Masu tsaro sun bi su waje. Tsakaninsa da kwando mutum ɗaya ne. Ya yanke shi, hanya ta buɗe. Idan wani ya taho taimako, sai ya cilla wa wanda aka bari.

A FIBA babu wannan doka. Dogayen Faransa irin su Rudy Gobert ko Victor Wembanyama na iya kafa ƙafa a ƙarƙashin kwando ya tsaya har ƙarshen daƙiƙa 24, hannuwa a sama. Ga shi layin maki uku ya matso ciki da kusan rabin mita, don haka mai gadin ɗan kusurwa taku ɗaya zai yi ya toshe hanya, taku ɗaya ya koma. Tatum ya yanke mutum na farko, ya tarar da na biyu yana jiransa, na uku kuma ya miƙo hannu yana neman ƙwallon. Luka Dončić, wanda ya taso a Real Madrid, ya taɓa cewa cin maki ya fi sauƙi a NBA fiye da Turai, kuma wannan dokar na cikin dalilan da ya kawo.

Maganin irin wannan tsaro ɗaya ne, a jefa daga waje a ci, har sai dogon ya ga dole ya fito. Wanda jifansa na nesa ke shiga, FIBA ta zame masa sauƙi. Wanda nasa ya ƙi, an rufe masa ƙofa biyu a lokaci guda.

To ai layin ya fi kusa. Me ya hana jifansa shiga?

Nan ne asalin ciwon, kuma bai fara a Paris ba. A kakar wasa ta yau da kullum Tatum na cin kusan kashi 37 cikin ɗari na jifan maki uku. A zagayen fitar da gwani na 2024 ya faɗo zuwa kusan kashi 28, a wasannin ƙarshe da Dallas ma ya ƙara yin ƙasa. Boston ta ci kofi duk da haka saboda yana yin sauran aikin: kutsawa, rarraba ƙwallo, tsaro, cafke ƙwallo. Shi ya sa abokin wasansa Jaylen Brown ne aka ba kyautar gwarzon wasannin ƙarshe. Masu nazarin bidiyo sun lura akwai 'yar tsayawa a jifansa, ƙwallon na ɗan jinkiri a sama kafin ta bar hannu, abin da ke raba ƙarfin ƙafa da na hannu, sai jifan ya zo gajere ko ya karkace.

Ƙari a kan haka, irin jifan da tawagar Amurka ke nema a wurinsa ba shi ne wanda ya saba ba. A Boston yana jefawa kusan sau 19 a wasa, yawanci bayan ya buga ƙwallon a ƙasa sau biyu ko uku ya ji ta a tafin hannu. In ya zubar da biyar na farko, ya san akwai goma sha huɗu a gaba. A Paris aikinsa ya tsaya a kusurwa, ya yi minti huɗu bai taɓa ƙwallo ba, sannan LeBron ya cillo masa, ya jefa nan take. Wannan sana'a ce daban. Kuma wanda ya san kuskure biyu na iya mayar da shi benci, hannunsa ba ya sakewa. Booker, wanda shi ma tauraro ne mai cin maki kusan 27 a Phoenix, ya rungumi wannan ƙaramin aikin, ya yi tsaro, ya ci jifan da aka ba shi, shi ya sa aka fara da shi a duk wasannin shida.

Idan ƙa'idojin FIBA ne matsalar, ya aka yi ya haskaka a Tokyo?

Wannan tambayar ita ke rushe hujjar masu cewa bai iya wasan ƙasa da ƙasa ba. A Olamfik ta Tokyo da aka yi a 2021, ƙarƙashin koci Gregg Popovich, Tatum na cin maki 15.2 a wasa, Durant kaɗai ya fi shi a tawagar. Ya ci 27 a kan Jamhuriyar Czech, ya ci 19 a wasan ƙarshe da aka doke Faransa 87 da 82, da Gobert a tsaye ƙarƙashin kwando. Fili ɗaya, layi ɗaya, dokoki ɗaya.

Abu biyu ne suka canza. A Tokyo babu LeBron, babu Stephen Curry, babu Embiid, babu Davis, don haka idan Tatum ya taso daga benci aikinsa a bayyane yake: karɓi ƙwallo ka ci mana maki. Na biyu, a lokacin jifansa na shiga. Ƙa'idojin FIBA suna ƙara wa mai rauni rauni, kamar yadda aka nuna a amsar daƙiƙa uku, amma ba su ne suka haifar da raunin ba.

Gajiya fa?

Tana da kaso, amma ba babba ba. Ya buga wasa 74 a kaka, ya ƙara 19 a zagayen fitar da gwani yana yin kusan minti 40 a kowanne, ya gama 17 ga Yuni, aka shiga sansani a Las Vegas a makon farko na Yuli. Daga nan Abu Dhabi, Landan, Lille, Paris. Abin da wannan ya fi hana shi shi ne lokacin gyara jifa, aikin da ke son makonni a ɗakin atisaye ba tare da wasa ba. Sai dai Holiday da White tare suka yi wannan doguwar tafiyar da shi a Boston, Holiday ma ya girme shi da kusan shekara takwas, kuma dukansu sun yi wasa mai kyau a Paris.

Gaskiya ne ƙwallon kanta daban ce?

Gaskiya ne. NBA na amfani da Wilson mai ɓangare takwas, FIBA na amfani da Molten mai ɓangare goma sha biyu da launi biyu. Girma da nauyi kusan ɗaya ne, amma tsagin da yatsu ke kamawa ya fi yawa a Molten, fatarta kuma daban take a hannu, musamman sabuwa ko in gumi ya taɓa ta. Masu jifa kan ɗauki kwanaki kafin su saba. Amma kowa da ita ya buga, kuma da ita Tatum ya ci 27 a Tokyo.

Ko dai Kerr na da wata a ƙasa da shi ne?

Masu wannan zargi na tuna cewa Golden State Warriors ta Kerr ce ta doke Boston a wasannin ƙarshe na 2022, kuma da Warriors ta je Boston a Nuwamban 2024 'yan kallo sun yi wa Kerr ihu. Zafin ya ƙaru da yake an bar Jaylen Brown a gida lokacin da Kawhi Leonard ya janye aka ɗauki White. Amma zargin ba ya tsayuwa. Mutum biyu daga Boston, Holiday da White, suna cikin waɗanda Kerr ya fi dogara da su. Kuma ba shi kaɗai ke yanke hukunci ba, yana tare da Erik Spoelstra da Tyronn Lue, waɗanda kowannensu ya ci kofin NBA a matsayin koci, da Mark Few na Jami'ar Gonzaga.

Inda ake da hujjar kama Kerr shi ne wasa na biyu da Sabiya. Amurka ta kasance a baya da maki 17, ta shiga zangon ƙarshe ana 76 da 63. Sabiya na ruwan jifan maki uku, wasu daga cikin 'yan benci ba sa taɓuka komai, ga mutum mai tsayin mita biyu da ya iya gadin kusan kowa yana zaune. Gwada shi na minti huɗu a zango na biyu ba zai zama ganganci ba, kuma a ganinmu ya kamata a yi. Amsar magoya bayan Kerr ita ce a ƙarshe ya tsaya kan Curry, Booker, Durant, LeBron da Embiid, suka ci zangon 32 da 15. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari: koci ya yi taurin kai a wannan daren, ɗan wasan kuma bai ba shi dalilin da zai tilasta masa canza shawara ba a wasa ukun da suka gabata.

Curry ma ya yi sanyi a farkon gasar. Me ya sa shi ba a ajiye shi ba?

A wasa huɗu na farko Stephen Curry bai haɗa maki 30 ba gaba ɗaya, da Sudan ta Kudu ma 3 kawai ya ci. Bambancin shi ne ko Curry bai ci ba, masu tsaro ba sa barinsa. Yana gudu ba tare da ƙwallo ba, ya zaga ta bayan shinge, mutum biyu su bi shi, dogon da ke ƙarƙashin kwando ya ɗaga ƙafa ya leƙo, sai hanya ta buɗe wa LeBron. Tsoron jifansa kaɗai yana yin aikin da aka bayyana a amsar daƙiƙa uku. Tatum kuwa, da abokan hamayya suka ga jifan ba ya shiga, sai suka ja baya suka bar shi, wanda hakan ke ƙara cunkushe tsakiya ga sauran.

Haƙurin da aka yi da Curry ya biya. Ya ci 36 a kan Sabiya da jifan maki uku guda tara, ya ci 24 a wasan ƙarshe, dukansu daga bayan layi, huɗu a cikin minti uku na ƙarshe. Na ƙarshen ya jefa shi ne yana faɗuwa baya, Nicolas Batum da Evan Fournier sun rufe shi, ƙwallon ta yi sama kamar ba za ta sauko ba. Masu kare Tatum na cewa da shi ma an yi masa irin wannan haƙurin da ya farfaɗo. Yana yiwuwa, amma gasar wasa shida ba ta da wurin yi wa mutum biyu haƙuri a lokaci ɗaya.

Shi kaɗai ne tauraron da hakan ta taɓa samu?

Ko kusa. A Olamfik ta Atina a 2004, kocin Amurka Larry Brown ya riƙa ajiye LeBron James da Carmelo Anthony, LeBron bai kai maki 6 a wasa ba. Puerto Rico ta doke Amurka 92 da 73, Lituweniya ta doke ta, Ajantina ta fitar da ita 89 da 81, aka dawo da tagulla. Tim Duncan ya sha fama da busar alƙalai a wannan gasar, bai sake buga wa ƙasar ba. A gasar cin kofin duniya ta 2019 a Sin, Giannis Antetokounmpo na Girka ya je yana gwarzon NBA, aka gina masa katanga a ƙarƙashin kwando, Brazil ta doke Girka 79 da 78, kuma Girka ba ta kai zagayen ƙasashe takwas ba. Shekara biyar bayan haka, a Paris, shi ne ya fi kowa yawan maki a kowane wasa. A kofin duniya na 2023 a Manila, Brandon Ingram na Amurka ya rasa gurbinsa na farawa saboda irin matsalar Tatum, wato mai riƙe ƙwallo da aka ce ya tsaya a kusurwa.

Akwai kuma akasin haka. Patty Mills, wanda mafi yawan rayuwarsa a NBA daga benci yake tasowa, ya ci wa Ostireliya maki 42 a kan Sloveniya a wasan neman tagulla a Tokyo. Dennis Schröder ya zama gwarzon kofin duniya na 2023 da Jamus. A ƙasashensu an gina wasan a kansu, tare da mutanen da suka shekara goma suna bugawa tare.

Ina labarin nasarar Najeriya a kan Amurka ya shigo cikin wannan?

Ya shigo domin Tatum na cikin tawagar da D'Tigers ta Najeriya ta doke 90 da 87 a Las Vegas ranar 10 ga Yulin 2021, a wasan sada zumunta kafin Tokyo, karo na farko da wata ƙasar Afirka ta doke Amurka. Shekara tara kafin nan, a Landan, Amurka ta ci Najeriya 156 da 73. Mike Brown ne kocin Najeriya a 2021, Gabe Vincent ya ci 21, tawagar ta shigar da jifan maki uku guda 20. 'Yan Amurka, da ba su yi mako guda da haɗuwa ba, sun yi ta kutsawa suna jiran busar da ba ta zo ba. A Yulin 2024 kuma Sudan ta Kudu ta kusa maimaita hakan a Landan, sai da LeBron ya ci a daƙiƙun ƙarshe aka tashi 101 da 100. Najeriya dai ta je Tokyo ta sha kashi a wasanninta uku, Amurka ta ɗauki zinare, wanda ke nuna hatsarin yanke hukunci da wasa ɗaya.

Yaya ya kamata a auna ɗan wasa a irin wannan gasa?

A fara da minti, kafin maki. Wanda ke cin 27 a minti 36 da jifa 19, idan aka ba shi minti 18 da jifa biyar, ko da hannunsa na nan daram ba zai wuce maki bakwai ko takwas ba. Sai a duba kashin jifan da ya shiga, amma a tuna yawansa: Tatum bai wuce jifa ashirin da 'yan kai ba a duk gasar, abin da yake yi a dare ɗaya a Boston. Jifa uku su canza, alƙaluman su koma wani abu daban. Sai a duba abin da ya yi ba tare da ƙwallo ba, wa ya gada, sau nawa aka wuce shi, ƙwallo nawa ya cafke. A nan Tatum bai gaza ba.

Yana da kyau kuma a kalli wasa cikakke. Wasannin NBA na zuwa ne da tsakar dare a agogon Najeriya da Nijar, don haka da yawa gajerun bidiyo suke gani da safe, inda kowane jifa ke shiga. Wasan ƙarshe na Paris da ƙarfe takwas da rabi na dare aka fara shi a agogonmu, mutane suka ga minti 40 da idonsu, har da tsayuwar kusurwa da jifan da ya ƙi. Kwatanta cikakken wasa da zaɓaɓɓen bidiyo na minti biyu na sa faɗuwar ta yi kama da ta fi yadda take.

Me ya biyo baya, kuma zai buga a Olamfik ta Los Angeles a 2028?

Bayan karɓar lambar zinarensa ta biyu, Tatum ya ce abin ya yi masa nauyi a kansa, amma ba zai yanke shawara kan 2028 cikin ɓacin rai ba. Ya koma ya gyara jifansa kafin sabuwar kaka, kuma a wasan buɗe ta ranar 22 ga Oktoban 2024 ya ci wa Boston maki 37 a kan New York Knicks, da jifan maki uku guda takwas. A watan Mayun 2025, a zagayen fitar da gwani da wannan ƙungiyar ta Knicks, jijiyar agararsa ta tsinke aka yi masa tiyata, don haka lafiyar ƙafar ce za ta fara yanke hukunci. A 2028 zai kasance ɗan shekara 30, LeBron 43, Curry 40, Durant na dab da 40, kuma Spoelstra ne aka naɗa ya gaji Kerr a matsayin kocin tawagar.